Suna ɗaya a wuyan riga, hannuwa da yawa a jikinta: kalmomin ado a tsofaffin rigunan «haute couture» na Paris

1. Mafarin magana

Duk wanda ya bi titunan Yamai ko na Maraɗi ya taɓa ganin allon tela da aka rubuta «Haute couture hommes et dames». Mu ma mun daɗe muna wuce irin wannan allo ba mu tsaya a kansa ba, sai lokacin da muka shiga haɗa jerin kalmomin sutura na Faransanci da Hausa tare da ɗalibanmu. A zaman farko aka ba mu fassara uku:

(1) haute couture: babban ɗinki
(2) robe du soir: rigar dare
(3) broderie: surfani

Kowace daga cikinsu tana da hujja a ƙamus, kuma kowace ta kauce. Ta (2) ita ce mai sauƙin gyara. Bahaushe in ya ji «rigar dare» tunaninsa zai tafi ga rigar barci, alhali ana nufin doguwar rigar da mace ke sawa don liyafa ko rawa bayan faɗuwar rana. Saboda haka a nan za mu riƙa cewa rigar liyafa. Sauran biyun sun fi wuya, domin ba a gane su sai an san yadda ake yin rigar da wanda ke yin ta. Abin da muke son nunawa shi ne, sunan da ke ɗinke a cikin irin wannan riga na mutum ɗaya ne, amma kalmomin da ake siffanta adonta da su suna ajiye da labarin masu sana'a da yawa waɗanda sunansu bai hau rigar ba.

2. Suna ne da doka ta tsare

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan sana'a ba Bafaranshe ba ne. Charles Frederick Worth mutumin Ingila ne, an haife shi a 1825, ya buɗe gidan ɗinkinsa a titin la Paix na Paris a 1858. Kafin shi, mace ce ke sayen yadinta ta kai wa mai ɗinki ta faɗi abin da take so, kamar yadda muke yi har gobe. Worth ya juya al'amarin: shi ke zana riga tun kafin a tambaye shi, ya nuna ta a jikin mace mai rai, mai saye ta zaɓa, a ɗinka mata daidai jikinta. Da ya samu Eugénie, matar sarki Napoleon na III, cikin masu sayensa, sai sunansa ya zama abin saye shi ma, yana kuma ɗinka shi a cikin riga.

A 1868 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Paris, kuma a 1945 hukuma ta mai da «haute couture» suna mai kariyar doka. Tun daga nan, ma'aikatar masana'antu ce ke amincewa da jerin gidajen da ke da ikon amfani da shi, ana kuma sake duba jerin kowace shekara. An sassauta sharuɗɗan tun daga 1992, amma jigonsu yana nan: a yi riga da hannu don mutum ɗaya, a gwada ta a jikinsa, gidan ya mallaki ɗakin aikinsa da ma'aikatansa na dindindin, ya kuma nuna sabbin riguna a Paris sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. A 1946 gidaje 106 ne ke cikin jerin. A yau masu cikakken matsayi ba su kai 20 ba. Ke nan telanmu na Yamai ya ari sunan ne da ma'anarsa ta yau da kullum, wato ɗinki mai kyau, kuma ba mu ga laifinsa ba, dokar Faransa ba ta hau kansa ba. Amma mai fassara rubutun da ya shafi Paris bai kamata ya ce «babban ɗinki» ya wuce ba. A namu ganin gara a bar kalmar yadda take a yi mata bayani.

Ɗan ƙyallen da ke ɗauke da sunan gida ana kiransa «griffe». Ma'anar kalmar ta asali ita ce farcen dabba ko na tsuntsu, daga nan ta koma hatimin sa hannu, daga nan ta hau riga. Madeleine Vionnet, wadda gidanta ya yi aiki daga 1912 zuwa 1939, ta kusa maida kalmar ga asalinta: don maganin masu satar zanenta, tana dangwala babban yatsanta a kan ƙyallen.

3. Daga «flou» zuwa «petite main»

Gidan ɗinki ya kasu kashi biyu. Ɗakin «tailleur» yana yin kwat da siket da duk abin da ke bukatar yadi mai ƙarfi da kafaɗa tsayayya. Ɗakin «flou», wato na abu mai laushi da ke bin jiki, shi ke aiki da siliki da sauran yadudduka marasa nauyi, kuma daga nan mafi yawan rigunan liyafa ke fitowa. Shugabar ɗaki ita ce «première d'atelier», ita ke karɓar zanen mai gida ta fitar da shi a farin yadin auduga mai araha, wanda ake kira «toile», har sai siffa ta zauna kafin a taɓa yadi mai tsada.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda ake kiran ma'aikatan da ke ƙarƙashinta: «première main», «seconde main», «petite main», wato hannu na farko, hannu na biyu, ƙaramin hannu. An kira mutum da sunan gaɓar da yake aiki da ita. Hausa ma tana cewa wane yana da hannu a ɗinki, ko a ce wannan hannun wane ne, amma a wurinmu hannun yana komawa ga mai shi, yabo ne. A Faransancin gidan ɗinki hannun ya tsaya a matsayin mutumin gaba ɗaya, ba a tambayar na wa ne. Waɗannan hannuwan ne dai suka ajiye allura a watan Mayu na 1917, suka cika titunan Paris, har aka ba su hutun yammacin Asabar ba tare da rage albashi ba.

4. «Broderie» ba surfani kawai ba ne

Adon rigar liyafa galibi ba a gidan mai sunan ake yin sa ba. Akwai gidaje na dabam da kowanne ya ƙware a abu ɗaya: «brodeur» mai ado da allura, «plumassier» mai gashin tsuntsu, «plisseur» mai kalmasa yadi, «parurier» mai maɓallai da kayan ƙawa. Kafin kowane zango mai ado yana kai samfura ga masu zana riguna, su zaɓa ko su nemi a sauya launi, wani lokaci ma samfurin ne ke haifar da rigar.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ba a kai wa mai ado riga ɗinkakkiya. Ana kai masa siffar kowane yanki na rigar a shimfiɗe, ya zana ado a takarda mai shara-shara daidai wannan yankin. Sai a bi layukan zanen da ƙananan huji, a ɗora takardar a kan yadi, a goga mata garin alli da aka gauraya da ƙaro. Garin ya bi ta hujin ya bar zanen a jikin yadin. Ana ɗaure yadin a katako mai kusurwa huɗu, a ja shi tamau kamar fatar ganga. Sai an gama ado sannan a yanka, a mai da yankunan gidan ɗinki a harhaɗa su, daga baya a bi wurin haɗin da ƙarin duwatsu har ya ɓace.

Hanyar aiki iri biyu ce. Akwai ta allura, wadda duk muka sani. Akwai kuma ta «crochet de Lunéville», mai sunan wani gari na yankin Lorraine a gabashin Faransa. Kayan aikin ƙaramar ƙugiya ce mai mariƙi, dangin kwarashinmu, wanda shi ma sunansa aro ne daga wannan kalma ta «crochet». Tun wajen 1810 matan garin ke yin ado a kan «tulle», yadin nan mai ƙananan ramuka kamar gidan sauro, kuma a 1865 wani mai suna Louis Ferry-Bonnechaux ya gano yadda za a riƙa ɗaura duwatsu da ƙugiyar. Ana jera duwatsun a zare tun da farko. Fuskar yadin tana kallon ƙasa, bayansa yana kallon mai aiki. Hannu ɗaya yana ƙarƙashin katakon yana turo duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ɗayan yana sama yana soka ƙugiya ta kamo zaren tsakanin dutse da dutse. Ke nan mai aikin ba ta kallon fuskar adon da take yi, yatsunta ne ke ƙirga mata. Wannan hanya ta fi allura sauri nesa ba kusa ba, kuma ita ta sa aka iya rufe rigunan shekarun 1920 da duwatsu daga wuya har gwiwa. Mai duba tsohuwar riga yana gane ta daga ciki: zaren ya yi sarƙa, madauki a cikin madauki. Aibinta kuma a nan yake, domin in zare ya tsinke wuri ɗaya aka ja shi, layin duka sai ya zube.

A nan fassara ta (3) ta gaza. Surfani a wurinmu zare ne a kan yadi, zaren shi ne adon. A «broderie» ta rigar liyafa sau da yawa zaren bawa ne kawai, aikinsa riƙe wani abu: dutsen gilashi, ƴan faya-fayai masu ƙyalli, lu'ulu'un kwaikwayo, kirtanin zinariya, gashin tsuntsu, har ɓawon kifin teku da ciyawa. Shawararmu ita ce a ce «adon allura» ga sana'ar gaba ɗaya, a bar «surfani» ga inda zare ne ke magana. Amma a wani fanni babbar rigarmu ta fi kusa da abin fiye da yadda ake zato. Mai saƙa dabam, mai ɗinka ƙore dabam, malamin da ke zana aska biyu ko aska takwas dabam, mai bin zanen da allura watanni dabam, sannan mabugi. Bambancin shi ne, a Paris an ɗora sunan mutum ɗaya a kan aikin duka.

Mu ɗauki misali. A zangon hunturun 1949, shekara biyu bayan fitowarsa ta 12 ga Fabrairu 1947 wadda ta girgiza kasuwa, Christian Dior ya nuna riguna biyu, «Junon» da «Vénus», waɗanda yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Metropolitan a New York. Siket ɗin «Junon» an yi shi da manyan yankuna na «tulle» masu siffar ganyen fure, ɗaya a kan ɗaya, bakin kowanne an cika shi da faya-fayai shuɗi da kore da ruwan tsatsa, suna raguwa in an yi sama. Launin ɗawisu ne, tsuntsun da Romawa ke jingina wa gunkiyarsu Junon. In aka cire adon nan, abin da zai saura fari ne fat, ba sunan ba labarin. Gidan Rébé, na René Bégué, shi ya yi aikin. Gidan ya rufe a shekarun 1960, kuma a ƙyallen rigar sunan Dior kaɗai za a karanta.

Gidan ado da ya fi samun suna shi ne Lesage. Albert da Marie-Louise Lesage sun sayi tsohon gidan Michonet a 1924, wanda tun zamanin Worth yake aiki. Vionnet tana yanka yadinta a karkace, ba bisa zaren tsaye ko na kwance ba, don ya riƙa miƙewa yana bin jiki. Ado mai nauyi kuwa yana hana yadi motsi. Sai Lesage ya riƙa jera ƙananan duwatsu yana bin zaren yadin kansa, har rigar ta ci gaba da zuba kamar ba kome a jikinta. Elsa Schiaparelli ta nemi akasin haka, ado mai kauri da ba da dariya, kamar giwaye da ƴan wasan igiya na rigunanta na 1938. François Lesage ya gaji gidan a 1949 yana ɗan shekara 20, kuma shi ya yi wa Yves Saint Laurent ƴan kwat biyu na liyafa a 1988 bisa zanen furannin Van Gogh, kowace ta ci wajen awa 600 ta aiki. Ma'ajiyar gidan tana da samfura kimanin 75.000. Da masu saye suka ragu, irin waɗannan gidaje suka yi ta mutuwa, sai kamfanin Chanel ya saye wasu: Lemarié mai gashin tsuntsu a 1996, Lesage a 2002, Lognon mai kalmasa a 2013. Suna ci gaba da yi wa wasu gidajen ɗinki aiki. Ko hakan ceto ne ko haɗiya, masu sana'ar ne za su faɗa. Abin da muka lura kawai shi ne tun daga lokacin aka fara jin sunayensu a bakin jama'a.

5. Kalmomin da suka yi tafiya

Sunayen kayan ado suna nuna hanyoyin fatauci. «Paillette» daga «paille» take, wato kara ko ciyawa, ɗan ɓarɓashi mai ƙyalli. Ƴar'uwarta «sequin» ta fi ta nisan tafiya. Asalinta sunan kuɗin zinariya ne na birnin Venise, «zecchino», daga «zecca», gidan buga kuɗi, ita kuma daga Larabci «sikka», ƙarfen da ake buga kuɗi da shi. Kuɗin ya daina aiki, sunan ya koma kan faifan ado mai huji. «Mousseline» tana ɗauke da sunan Mosul ta Iraƙi, «taffetas» daga Farisanci take, «satin» kuma mafi yawan masu ƙamus suna mai da ita ga Larabci «zaytuni», daga Zaytun, sunan da Larabawa ke kiran tashar jiragen ruwa ta Quanzhou a ƙasar Sin. Har «jupe», siket, daga Larabci «jubba» take, tushe ɗaya da jabbar da malamanmu ke ɗorawa a kan riga. Kalma guda ta bi teku ta zama suturar mata daga ƙugu zuwa ƙasa, ta bi Sahara ta zama suturar maza.

Wasu kuma sunayen wurare ne ko na mutane a cikin Turai. «Tulle» gari ne a tsakiyar Faransa, Chantilly da Alençon sun ba leshi sunansu, «strass», gilashin da ke kwaikwayon lu'ulu'u, sunan wani maƙerin kayan ado ne na ƙarni na 18, Georges Frédéric Strass, «soutache» kuwa daga harshen Hungari aka aro ta.

Akwai abu ɗaya da ya tashi daga ƙasarmu da kansa, ba sunansa ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Damargu da Damagaram da Kano zuwa Tarabulus, daga can ya wuce Landan da Paris, inda masu sana'ar gashi ke wanke shi, su rina, su nannaɗe, ya hau hula da mafici da bakin riga. Turawa suna kiransa gashin «Barbarie», da sunan gaɓar tekun da ya biyo, ba da sunan inda jiminar ta yi kiwo ba. Kasuwar ta karye a 1914, bayan gonakin jimina na Afirka ta Kudu sun riga sun ƙwace mafi yawanta.

6. Da riga ta tsufa

Kalmar «vintage» da ake kiran tsofaffin rigunan nan da ita ta yi tafiya ta dawo gida. Daga tsohon Faransanci «vendange» take, wato girbin inabi. Ingilishi ya are ta, ya ba ta ma'anar abin da shekarar yin sa ke ƙara masa daraja, Faransanci ya sake karɓo ta da lafazin baƙi. Kada a fassara ta da «gwanjo». Gwanjo tsufa ne ke rage masa kuɗi. Ɗaya daga cikin ƴan kwat biyun nan na Saint Laurent, mai furen rana, an sayar da ita a Paris a 2019 a kan yuro 382.000, wato kimanin miliyan 250 na sefa.

Da kuɗi ya kai haka, sanin kalmomin ya zama sanin kasuwa, domin ba duk rigar da ke ɗauke da babban suna ce «haute couture» ba. Tun 1948 Dior yana da reshe a New York da ke ɗinka riguna bisa awo na gama-gari, manyan kantunan Amurka suna sayen «toile» su kwafa da izini, Saint Laurent kuma ya buɗe «Rive Gauche» a 1966 don tufafin da ake saye a sa nan take. Mai sani yana juya riga ne ya duba cikinta. Yana neman lambar da aka buga a ƙyalle ko aka rubuta da hannu a ɗan kirtanin da ake kira «bolduc», wadda ke komawa ga littafin odar gidan. Yana duba ko an daje bakin yadi da hannu, ko akwai ɗamarar ciki da ke ɗauke nauyin siket daga kafaɗa, ko ado ya haye wurin haɗi bai yanke ba.

Adon da ya ba rigar daraja shi ne kuma ke kashe ta. Rigar 1925 mai duwatsun gilashi a kan siliki shara-shara, in aka rataye ta, nauyinta ne zai yaga ta daga kafaɗa, shi ya sa gidajen tarihi kamar Palais Galliera na Paris ke kwantar da irinta a aljihun ajiya. Silikin ƙarshen ƙarni na 19 da aka jiƙa da gishirin kuza don ya yi nauyi yana tsagewa da kansa, ba kuwa magani. Zaren ƙarfe yana baƙi. Faya-fayan shekarun 1920 da 1930 kuwa da yawansu da «gélatine» aka yi su, wato danƙon da ake samu daga dafa ƙashi da fata. Ruwa yana narkar da su, zafi yana lanƙwasa su. Shi ya sa a irin waɗannan riguna akan tarar faya-fayan ƙarƙashin hammata sun manne da juna sun dushe, inda gumin mai rigar ya taɓa su.